A daina dukan yara a kan P da F

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon a karanta wannan wasiƙa a filin masu sauraro, ko Allah zai sa ta kai kunnen 'yan'uwana malamai. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a azuzuwanmu na firamare a nan Gombe: a tsayar da yaro ya karanta Turanci, ya sa F inda P take, aji ya kwashe da dariya, wani lokaci bulala ta biyo baya. Sai a ce daƙiƙi ne. Ni kuwa na ce yaron nan doka yake bi, dokar harshen da ya tsotsa, kuma malamin da bai san dokar ba zai gaji da duka bai gyara komai ba.

Hausa ba ta raba P da F gida biyu ba. F ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, ta Bature kuwa haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Tamu tana da sassauci ƙwarai: wani ya ce "tafi", Basakkwace ya ce "tahi", wani ya matse leɓɓansa ta fito kamar P, ma'ana dai ba ta motsa ba. Masu binciken harshe sun nuna cewa kafin jariri ya cika shekara 1 kunnensa ya fara karkata ga sautukan da ke bambanta ma'ana a harshen gidansu, yana watsar da sauran. To yaron da kunnensa ya tashi a kan cewa waɗannan duk abu ɗaya ne, ranar da aka ce masa "pan" daban "fan" daban, matsalar a ji take tun kafin ta zo baki. Sau ɗari malami zai maimaita da tsawa, abu ɗaya yaron ke ji.

Gombe ma ta ishe mu hujja. Yaron da ya tashi da Fulatanci a Dukku ko Nafada bai cika shan wannan wahala ba, domin harshensa ya raba su: mutum ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. Amma a ba shi Ƙ da TS na Hausa a ga yadda za a kwashe, tunda Fulatanci ba shi da su. Haka za ka ji wasu 'yan'uwanmu na Billiri da Kaltungo, waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su, suna cewa "kasa" a maimakon "ƙasa". Mu da muke yi musu dariya a kasuwa, mu ake yi wa a ajin Turanci.

Sai batun gaɓa. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a manne, don haka idan baƙuwar kalma ta zo da su sai mu saƙala wasali a tsakani. Ta haka muka sami burodi, direba da sitiyari, kuma babu mai cewa kakanninmu sun yi kuskure. Yaron da ya ce "sukul" aikin da suka yi shi yake yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda yara ke riƙe dokoki masu wuya ba tare da wani ya koya musu ba. Muna rubuta "gidan Bala" amma baki "gidam Bala" yake cewa. Muna rubuta "motar Sani", a magana ta koma "motas Sani". Wannan shi malaman Hausa ke kira naso. Akwai kuma ganɗantawa, inda T ke komawa C, S ta koma SH, D da Z su koma J idan I ko E ya biyo: sata da sace, kaza da kaji, gida da gidaje, Hausa da Bahaushe. Mota ma da muka aro jiya-jiya ba ta tsira ba, ta zama motoci. Yaro ɗan shekara 5 yana yin duk wannan yana wasan ƙasa. Ina daƙiƙancin yake?

Iyaye mata kuma, tsamin bakin ɗan shekara 2 ko 3 da ke cewa "luwa" ko "yuwa" yana nufin ruwa ba ciwo ba ne. R na cikin sautukan da ke zuwa a makare. Amma idan ya isa shiga makaranta har yanzu baƙo ba ya gane maganarsa, a kai shi asibiti a duba kunnensa.

Gyaran P da F bai buƙatar kuɗi. A fara da kunne: malami ya faɗi kalmomi biyu, yara su nuna wacce suka ji, sai sun iya rabewa sannan a ce su furta. A sa su riƙe 'yar takarda gaban baki, P za ta kaɗa ta da bugu ɗaya. A kawo madubi su ga haƙora kan leɓe lokacin F. Abin takaici, har a jarrabawar WAEC ɓangaren furuci a takarda ake amsa shi, ɗalibi ya ci maki bai buɗe baki ba, shi ya sa malamai da yawa ba su damu ba.

Ina kira ga kwalejojin horar da malamai, irin ta tarayya da ke nan Gombe da ta Aminu Saleh a Azare, su riƙa zaunar da ɗaliban sashen Turanci da na Hausa a aji ɗaya suna kwatanta tsarin sautin harsunan biyu. Ku kuma, Malam Edita, kuna da abin da jarida ba ta da shi, wato murya. Ku ware mana ko minti 15 a mako, ku gayyato malamin Hausa da na Turanci da mai jin Fulatanci ko Tangale, su furta sautukan nan mu ji. A sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da malaman karkara ke kusa da rediyo.

Na gode.

Malamin firamare mai ritaya,
Kumo, Jihar Gombe