Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan mknod Da mkfifo

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Saƙonka ya iso, kuma tambayar da ka yi kan fayilolin na'urori da ke cikin kundin /dev na tsarin Linux ta faranta mini rai ƙwarai.

Waɗannan fayiloli ba su ɗauke da komai a cikinsu, lamba biyu ce kawai. Ta farko, wadda ake ce wa babba, tana gaya wa kernel, wato zuciyar tsarin, wane direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) zai kira, ta biyun, wadda ake ce wa ƙarama, kuma ta nuna wace na'ura ake nufi a cikin waɗanda direban ke riƙe da su. Buga ls -l /dev/null, za ka ga harafin c a farkon layi, sannan 1 da 3 a gurbin da girman fayil ya saba zama. Shi ya sa in ya ɓace, mknod -m 666 /dev/null c 1 3 zai dawo maka da shi. Harafin c na na'urar da bayani ke bi a jere ne, b kuma na faifai, wanda ake ɗiba a dunƙule.

Wannan aikin sai da ikon root, wato mai cikakken iko a kan tsarin, kuma don Allah ka duba /proc/devices, jerin manyan lambobin da direbobinsu, kafin ka danna. Suna ba ya kare ka. Ka raɗa wa fayil duk sunan da ka ga dama, muddin b ne mai 8 da 0, to /dev/sda ne, abin da ka rubuta masa a kan faifanka zai sauka. A yau devtmpfs da udev, sassan Linux da ke ƙirƙira da kula da fayilolin /dev da kansu, ke ɗauke mana wannan nauyi, sai dai in kana gyaran tsarin da ya lalace.

Wanda zai fi yi maka amfani shi ne bututu mai suna, wato fayil ɗin da wata manhaja ke zuba bayani a ciki wata ta ɗiba. Rubuta mkfifo bututu, ko mknod bututu p, ba root ba lamba. Sai ka ce echo sannu > bututu. Zai yi shiru, kada ka zaci ya sanƙare, mai karatu yake jira. Buɗe wata taga ka buga cat bututu, nan take gaisuwar za ta fito. Bayanin ba ya taɓa faifai, ta ƙwaƙwalwar kwamfuta yake wucewa, kuma a Linux bututun kan ɗauki baiti 65,536 kafin ya tsayar da mai rubutu. Abin da na fi so game da shi, yana haɗa manhajoji biyu da aka tayar daban-daban, abin da alamar |, mai haɗa umarni biyu a layi ɗaya, ba za ta iya ba. In ka gama, rm bututu.

Ka gwada ka rubuto mini yadda kuka ƙare. A gaida mutanen gida.

Naka amini.