Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kurket Ta Ingila Da Wales

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, dalilin wannan takarda wani dattijo ne, Cecil Wright, da kuma littattafan da ake rubuta gumin irinsa a ciki.

Wright mutumin Jamaika ne. A 1959 ya sauka Ingila don ya yi wa kulob ɗin Crompton jifa, wato jefa wa mai bugu ƙwallo a wasan kurket, a gasar tsakiyar Lancashire, ana biyansa. Kwantiragi ya ƙare, shi kuwa ƙafarsa ta kafe. Ya yi aure, ya zauna, ya ci gaba da jifa, har 2019 da ya ajiye ƙwallo yana ɗan shekara 85, a ƙungiya ta biyu ta kulob ɗin Uppermill. Shekara 60 cur! Duk wanda ya taɓa yin jifan gudu ya san abin da nake faɗa. Ka sheƙo, ka dire ƙafar gaba da dukkan nauyinka, ƙugu ya murɗe, kafaɗa ta juya, sau shida a zubi ɗaya, sannan ka koma bakin fili ka jira wani zubin. Gwiwar matashi ma kuka take yi, balle ta mai jikoki.

An ce a cikin kakar wasa biyar ya fitar da masu bugu 538, kuma an ƙiyasta jimillarsa ta haura 7,000. Wannan kalma ta ƙiyasi ita ce ta tsaya mini a wuya. Ɗan wasan ƙasa, ko jifa ɗaya ya yi a Lord's, babban filin kurket na Landan, yana nan a rubuce har abada. Ɗan kulob kuwa tarihinsa na cikin littafin maki na takarda.

Ni nake riƙe wa wani ƙaramin kulob littafin maki, shi ya sa abin ya dame ni. Kwanaki na buɗe kabad ɗin ɗakin canza kaya, na tarar da tsofaffin littattafanmu sun sha raɓa, shafuka sun manne da juna. Ɗigon fensir ɗin da ake sa wa jifan da ba a ci komai a kansa ba ya dusashe, da kyar na gane harafin M da ake haɗa ɗigo shida a zana idan zubi ya wuce babu maki. Wani majefinmu da ya haura shekara 40 yana yi mana wasa, rabin aikinsa ya tafi a cikin wannan kabad.

Na san kuna da shafin Play-Cricket na adana sakamakon wasannin kulob, kuma yana aiki, amma wasannin baya-bayan nan ya fi ɗauka. A 2025 kun sayar da hannun jarin ƙungiyoyin gasar The Hundred, kuka yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ga wasan sa-kai. Filaye da raga da rola duk suna bukata, ban musa ba. Roƙona dai a gutsuro ɗan kaɗan, a bi kulob-kulob a ɗauki hoton waɗannan littattafai, a shigar da su kwamfuta tun masu iya karanta rubutun suna raye. Sannan wanda ya cika shekara 50 yana jifa, a gayyace shi Lord's ranar babban wasa, a kira sunansa a lasifika.

Littattafanmu na kwashe su zuwa gida, suna kan tebur suna shan iska.

Naka,
Mai riƙe littafin maki a wani ƙaramin kulob