A tuna da Laftanar Kanar Abu Ali da sojojin da aka binne tare da shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan marigayi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda 'yan Boko Haram suka kashe a Malam Fatori, jihar Borno, ranar Juma'a 4 ga Nuwamba, 2016, yana da shekara 36. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ni ba soja ba ne, bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Kado da ke nan Abuja, kuma a da kusan duk kayana daga Doron Baga suke zuwa. Da Baga ta faɗa hannun 'yan ta'adda a farkon Janairun 2015, motocin kifi suka tsaya cak. Masu aiko min da kaya wasu suka tsere tsibiran Tafkin Chadi, wasu suka taka da ƙafa har Maiduguri. Akwai wanda har yau lambarsa tana cikin wayata, na kasa gogewa. A watan Fabrairun shekarar sojoji suka ƙwato Monguno, sannan Baga, kuma wanda ke gaba da tankokin yaƙi shi ne wannan bawan Allah, lokacin yana Manjo. A bakin mutanen Baga na fara jin sunansa tun kafin in ji a rediyo. Yaransa Sarkin Yaƙi suke ce masa, kuma soja ba ya ba shugabansa irin wannan suna a banza.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne gidan da ya fito. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Bauchi, daga baya ya zama Etsu, wato sarkin Bassa Nge, a jihar Kogi. Mu da ke Abuja mun san inda 'ya'yan irin wannan gida suka saba zama. Shi kuwa a bakin daga ya zauna, can a Gamboru Ngala ma Janar Buratai, shugaban rundunar sojan ƙasa na lokacin, ya liƙa masa anininsa na ƙarin girma a Satumbar 2015.

Rundunar soja ta kyauta da ta sa sunansa a filin harbi na dajin Sambisa. To amma ranar 7 ga Nuwamba da aka kai shi maƙabartar sojoji ta ƙasa a nan Abuja, ba shi kaɗai aka binne ba. Akwai ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi a daren nan. Wa ke ambaton sunansu? Su ma suna da iyaye, wasu da mata da 'ya'ya, kuma ba su da uba janar.

Don haka roƙona ga hukumomi: ranar 15 ga Janairu, lokacin da ake ajiye furanni a sako tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, a riƙa karanta sunayen irin waɗannan sojoji ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji. Kai kuma ranka ya daɗe, ka tura wakilinka ya nemo iyalansu, ya tambaye su ko haƙƙoƙin mazajensu sun shigo hannu, ko yaran suna makaranta. Idan akwai wadda take neman jari, mu 'yan kasuwar kifi za mu haɗa abin da ya sawwaƙa.

Naka,
Wani mai sayar da bandar kifi,
Kasuwar Kado, Abuja.