Kifi mai aska ba tarwada ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin kiwon kifi na ranar Asabar ta ɓata mini rai matuƙa. Wai shuɗin kifin nan mai aska a wutsiya za a iya ajiye shi a akwatin gilashi da ruwan burtsatse, a barbaɗa ɗan gishiri, a riƙa ba shi abincin tarwada. Haba Malam! Duk wanda ya bi wannan shawara gawa zai kwashe.

Wannan kifin teku ne, gidansa duwatsun murjani na Tekun Indiya da Fasifik, inda kowace lita ta ruwa ke ɗauke da gishiri kusan giram 35. Gishirin miya ba ya yi, domin babu sinadaran kalsiyam da magnisiyam da ruwan teku ke da su. Haɗin gishiri na musamman ake saya a auna. Zafin ruwan kuma kada ya fita daga digiri 24 zuwa 27. To a Zariya, da dare a tsakiyar hunturu, an ɗauke wuta, na'urar ɗumama ruwa da ta hura iska sun tsaya, wa zai riƙe masa wannan zafin? Da ruwan ya yi sanyi sai jikinsa ya yi rauni, fararen ɗigo-ɗigo kamar garin gishiri su feso masa, ya fara goga jiki da dutse, numfashinsa ya yi sauri.

Abincin ma kuskure ne. Yawancin danginsa kiwon gansakuka suke yi a jikin murjani tun safe har yamma, shi ya sa bakinsu ƙarami, hanjinsu dogo. Shuɗin yana haɗawa da ƙananan halittun da ruwa ke ɗauka. In aka hana shi ganyen teku, fatar kansa da gefen jikinsa sai ta fara zaizayewa. Kuma yana kai santimita 30, yana son filin iyo da ramin ɓuya, ba ƙaramin akwatin falo ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa a kama shi da hannu. A gindin wutsiyarsa, kowane gefe, akwai ƙaya mai kaifi kwance cikin ɗan rami, in ya firgita ya kaɗa wutsiya sai ta miƙe ta tsaga yatsa, ciwon ya kumbura. Ko taru ba a son sa masa, ƙayar na sarƙewa; cikin roba ake kora shi. Yara na sauraron shirin nan, ku gyara maganar a mako mai zuwa.

Sannan don Allah ku daina sa shirin daf da Magariba, rabinsa muna masallaci yake wucewa.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Zariya