Godiya ga Sashen Kunne, Hanci da Maƙogwaro na Asibitin Gwamnati a Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga babban likitan wannan sashe, da ƙananan likitocin da ke ƙarƙashinsa, da likitar sa barci, da sistoci, har da dattijon nan mai rubuta sunaye a bakin ƙofa tun kafin rana ta fito.

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Wad Madani. Kakannina sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, sai Allah ya tsayar da su a yankin Jazira na Sudan suna noman auduga. Yaron da zan yi magana a kansa ɗan farina ne, don haka ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Mun bar Gadarif cikin gaggawa ban samu na zo na yi muku sallama ba, abin kuma yana damuna har yau. Shi ya sa na rubuta wannan a inda jama'a za su gani.

A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya iso garin, muka fito daga Madani, kamar dubban mutane, da abin da hannu zai iya ɗauka. Ƙanin maigidana ya ba mu ɗaki guda a Gadarif, mu bakwai. A Madani na saba da minsharin yaron har na daina jinsa, ina cewa gado ya yi wajen babansa. Da muka kwana ɗaki ɗaya da Inna, surukata, ita ce ta fara tashi zaune cikin dare tana kallonsa. Yakan yi minshari, can sai ya yi tsit, ƙirjinsa yana ja amma iska ba ta shiga, sannan ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Haka har gari ya waye. Baki buɗe yake kwana, matashinsa sharkaf da miyau. Shekararsa biyar, amma fitsarin kwance da ya daina ya dawo. Nama ba ya haɗiyuwa gare shi, ko kisra, gurasar nan tamu ta dawa, sai an jiƙa ta sosai a miya, maganarsa kuwa kamar akwai loma a bakinsa.

Inna ta ce belu ne, a kira wanzami. Ba na ganin laifinta. Ita aka cire wa, 'ya'yanta duka an cire musu, maƙwabtanmu Larabawa ma suna da irin al'adar, su risha suke ce masa. Na durƙusa na roƙe ta wata guda, in likita bai yi komai ba a yi yadda ta ce.

Asibitin kuɗi muka fara zuwa, don kowa ya ce can ne ake ganin ƙwararre ba tare da jira ba. Gaskiya ne, a yammacin da muka je aka gan mu. Na tura kuɗin gani ta Bankak, manhajar banki ta waya, muka shiga, aka haska maƙogwaronsa da fitila, aka ce lowaz ne, wato 'yan wuya, sun kumbura, a kawo shi jibi a cire. Duka bai kai minti biyar ba. Kuɗin da aka yanka ya kusa cinye abin da maigida yake fatan samu a riɗin shekarar, riɗin da ko shukawa ba a yi ba. Ba a tambaye ni yadda yake barci ba, ba a auna shi ba. Na dawo gida na ciro 'yan kunnena na zinariya, su kaɗai suka rage mini daga kayan aure, na ƙulle su a gefen mayafi don in kai kasuwa da safe. Wata maƙwabciya 'yar Mai Wurno ce ta riƙe hannuna, ta ce in fara zuwa markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin unguwa, in karɓi takardar tahwil, ta turawa babban asibiti, in gwada wajenku, zinariya ba ta ruɓewa.

Ranar farko na iso bayan asuba na tarar da benci cike. Mutanen Kartum, mutanen Jazira, mutanen garin su kansu, kowa da takardarsa a hannu. Sai wajen azahar aka kira mu. Na shiga a gajiye, raina a ɓace, ina tsammanin minti biyu za a ba ni.

Dakta, ka ba ni kusan rabin sa'a. Kafin ka ce yaron ya buɗe baki sai da ka yi mini tambayoyin da ban taɓa tunanin suna da alaƙa da wuya ba. Sau nawa ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a bara? Yana gyangyaɗi da rana? Yana yawan fushi? Akwai mai sikila a danginmu, ko wanda jininsa ba ya tsayawa in ya yanke? Ka bayyana mini cewa girman 'yan wuya shi kaɗai ba ya sa a yi tiyata, domin a ƙuruciya dama sukan yi girma, sannan su ragu in yaro ya doshi balaga. Dalilai biyu ne manya. Ko dai ciwon ya riƙa dawowa, kamar sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Ko kuma su toshe wa yaro hanyar numfashi in yana barci. Nawa bai kai lissafin farko ba, sau uku kawai na iya tunawa. Na biyun ne kake zargi, amma ka ce ba za ka sa wa yaro wuƙa a kan zargi ba. Ka ce in ɗauke shi a waya yana barci, dare biyu ko uku, rigarsa a ɗage don a ga ƙirji, in kawo maka. Ka kuma ce akwai wata tsoka a bayan hanci da ba a ganinta ta baki, lahmiyya, wadda sau da yawa tare suke kumbura, in aka cire ɗaya aka bar ɗaya minsharin yana iya zama.

Zuwa na biyu da Inna muka zo, don wa'adin wata guda ya kusa cika. Abin da ka yi a ranar ba zan manta ba. Ka miƙe tsaye ka gaishe ta, ka ba ta kujerarka, ka ce "Ya Hajja, zo ki gani da idonki." Ka danne harshen yaron, ka nuna mata belun yana reto a tsakiya lafiya lau, ka nuna mata ƙwallaye biyun da ke dama da hagu sun kusa haɗuwa. Wata sista Bahaushiya ta tsaya tana fassarawa: "Inna, kin ga belun ba ruwansa. Ko an yanke shi ƙofar nan ba za ta buɗe ba, sai dai a jawo masa zubar jini." Ba wanda ya ce mata jahila, ba wanda ya yi dariya. Inna ta daɗe tana leƙawa, sannan ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Tun daga ranar ba ta sake ambaton wanzami ba, ita ce ma ta koma mai tuna mini ranar komawa asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana cikin jira sai na ji a bakin mata a benci cewa kai ma kana da wurin ganin marasa lafiya naka da yamma, kamar yawancin ƙwararru a ƙasar nan, safiya ta gwamnati, yamma ta kansu. Sau uku ina zaune gabanka ba ka taɓa ambata ba. Na yi ƙarfin hali na tambaye ka, na ce Dakta, in na sayar da zinariyata, ba za ka yi masa a can cikin mako ba? Ka ce za a iya, amma ba ka ba ni shawara ba. Yaron da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ga shi bai kai nauyin sa'anninsa ba, ya fi kyau ya kwana daren farko a inda akwai iskar oksijin, da jini a ajiye, da likitan da ke farke har safe. Ka ce hannun da zai yi aikin ɗaya ne ko a nan ko a can, abin da ke kewaye da gadon ne ya bambanta. Da ka ce in kawo kuɗin, wallahi da na kawo, kuma da na yi maka godiya a kai.

Ba ka kuma ce in guji asibitin kuɗi gaba ɗaya ba. Hoton bayan hanci ka ce in yi a waje, don layin na'urarku ya yi tsawo kuma kuɗinsa ba mai karya mutum ba ne. Ba ka tura ni wajen wani takamaimai ba, ka ce duk inda ya fi mini sauƙi. Gwajin jini kuwa a wajenku aka yi. A nan na fahimci yadda uwa za ta raba ƙafa: abin da sauri kawai ake nema a cikinsa a saye shi a waje in da hali, abin da rai ke ciki a tsaya inda kayan ceto suke. Da wani ya faɗa mini haka tun farko, da ban kwana ina kuka a kan 'yan kunne ba.

Gwajin ya nuna ba shi da sikila, alhamdu lillahi, amma jininsa ya yi ƙasa. Kuka ba shi maganin ƙarin jini, kuka ce sai ya hau. A can wajen farko jibi aka ce.

Jiran ya yi tsawo, ba zan ɓoye ba. Daminar 2024 ta zo da kwalara, ga mutanen Sinja da kewayenta sun kwararo garin, suna gudun yaƙi, asibiti ya cika har baranda. Sau biyu aka ɗaga ranarmu. Amma duka biyun sista ta kira ni a waya tun kafin in kama hanya, ta ce "Yaya, kada ki ɓata kuɗin rakisha, an ɗaga." Kun kuma gaya mini alamun da in na gani kada in jira rana, in kawo shi sashen gaggawa ko tsakar dare ne: leɓɓansa su canja launi, ko ya kasa haɗiye miyau, ko ya kasa buɗe baki. A tsakanin nan ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi mai zafi. Ƙaramin likitan da ya gan shi ya rubuta fenisilin na kwana 10, ya ce ko ya warke a kwana uku kada in tsayar. Ya ce akwai ƙwayar cutar maƙogwaro da in ba a kashe ta sarai ba takan jawo ciwon gaɓoɓi, daga nan ta lalata ƙofofin zuciya, kuma irin waɗannan yara da matasa su ne da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya da ke Soba, wadda aka buɗe a 2007. Ni malama ce, na sha ganin ɗalibi yana riƙe wuya in ce ya sha ruwan ɗumi. Yanzu iyayensa nake kira.

Bayan an yanke riɗi aka yi aikin. Likitar sa barci ta zo da kanta tun jajibiri ta ce kada ya ci komai sa'a 6 kafin lokaci, ruwa zalla kuma a tsayar saura sa'a 2. Ta tsuguna daidai tsayinsa ta ba shi abin rufe hancin ya riƙe, ta ce ya hura kamar balan-balan. Da aka shiga da shi ni da Inna muka zauna a ƙasa muna jan carbi. Ba a cika sa'a ba aka fito. An cire 'yan wuyan da lahmiyyar duka.

Daren nan sistar dare ta zo kansa ban san sau nawa ba, tana duba abin da aka maƙala masa a yatsa, tana haska bakinsa. Da safe kafin sallama ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Farin da zan gani a wurin ba ruɓa ba ne, ɓawon miki ne. Kunne zai yi masa ciwo ko da kunnen lafiya yake. A ba shi farasitamol a kan lokaci, asfirin kuwa ko kusa. Ya yi ta shan ruwa, ya ci abinci ko da kuka. Sannan ta riƙe hannuna ta ce tsakanin kwana 5 zuwa 10 ɓawon yake faɗuwa, a lokacin ne jini kan ɓalle, in na ga ja a miyau kada in tsaya neman shawarar kowa. A dare na bakwai na ga ja a matashi. Maigida ya saɓa shi a kafaɗa muka fito. Likitan da ke aiki ya karɓe mu nan take, ya duba, jinin ya riga ya tsaya, amma ya ce mu kwana. Ba wanda ya ce mun tayar da hankali a banza.

Makonnin farko bayan ya warke ni ce na kasa barci. Ɗakin ya yi shiru, sai in tashi in ɗora hannu a ƙirjinsa, in ji yana hawa yana sauka a hankali, bakinsa a rufe. Na juya wani dare na tarar Inna ma ta miƙo nata hannun. Fitsarin kwance ya tafi, kumatu sun fito, wandunansa sun ɗage.

Da hanya ta buɗe a 2025 muka koma Madani. Na san a watannin nan kuna aiki cikin ƙarancin magani da ɗaukewar wuta, wasunku ma baƙi ne a garin kamar mu, sun baro gidajensu. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku, ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, ya zaunar da Sudan. Inna tana gaida Dakta, ta ce har yanzu tana sa shi a addu'ar asuba. 'Yan kunnena suna kunnena. Yaron kuma ya ce lallai in gaya wa sistar da ke kirana Yaya cewa da Babbar Sallah ya ci tsire tsinke uku, shi kaɗai, ba a yanka masa ƙanana ba.

Wassalam,
Mahaifiyar yaron,
daga Wad Madani.