Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan cingam ɗin da yaro ya haɗiye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, na ga ya dace in rubuto miki a kan cingam ɗin da ƙaramin angona ya haɗiye, domin na ji muryarki a tsorace ta waya, kuma na fahimci maƙwabta sun riga sun cika miki kunne da cewa zai naɗe masa hanji ko ya zauna a cikinsa har shekara bakwai. Ki kwantar da hankalinki. Wannan magana tun muna yara ake faɗinta, har Turawa ma suna tsorata 'ya'yansu da ita, amma ba ta da tushe.

Abin da ya sa ta samu karɓuwa shi ne akwai ɗan gaskiya a cikinta. Sukari da ƙamshin da ke cikin cingam suna narkewa tun a baki, sai a bar danƙon, wanda ciki ba ya iya narkar da shi. A da ana samun danƙon ne daga ruwan wata bishiya mai suna sapodilla da ke Meziko da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, amma yanzu yawancin kamfanoni suna haɗa shi da sinadarai irin su polyisobutylene, wanda dangin robar cikin tayar mota ne. Ya sha bamban da ƙaron da muke ɓamɓara a jikin itace muna tsotsa muna yara, domin shi ƙaro ruwa yana narkar da shi. To amma rashin narkewar abu ba ya nufin zai maƙale. Hanji yana motsi dare da rana yana tura abin da ke cikinsa gaba, kuma bangonsa a jiƙe yake da santsi, saboda haka danƙon yakan bi hanyar da 'ya'yan gwaiba suke bi, ya fita tare da bayan gida cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Ban ce haɗiyewar tana da amfani ba, ko kaɗan. Babu wani abin gina jiki a cikin danƙon. Amfanin da likitocin haƙori suke ambata a tauna yake, kuma ga cingam marar sukari kawai, saboda tauna shi bayan cin abinci tana ƙara yawan miyau, miyau kuma yana wanke tsamin da ke cin haƙora. Irin mai zaƙi da launi da ake sayarwa a tire a bakin makarantu kuwa, ɓarnarsa ga haƙori ta fi duk abin da ake jin tsoron zai yi wa hanji. Shi ma marar sukarin yana da nasa aibin, domin sinadarin sorbitol da ake zaƙaƙa shi da shi yana kawo kumburin ciki da gudawa idan aka yawaita.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne kada haɗiyewar ta zama ɗabi'a. A shekarar 1998 wani likitan yara a Amurka mai suna David Milov da abokan aikinsa sun wallafa bayanin yara uku da cingam ya kai asibiti. Biyu daga cikinsu ba su kai shekara biyar ba, kuma sun saba haɗiye cingam da yawa a kowace rana, har ya taru ya dunƙule ya toshe musu hanyar bayan gida, sai da likitoci suka cire shi. Ta ukun yarinya ce mai shekara ɗaya da rabi da ta haɗiye cingam tare da tsabar kuɗi guda huɗu, suka manne da juna suka tsaya mata a maƙoshi. Ki lura cewa a cikinsu babu wanda guda ɗaya tak ya cutar. Yawa ne, da ƙanƙantar hanjin yaro, da taurin bayan gida, da haɗuwa da wani abu mai ƙarfi suka haɗu suka kawo matsalar. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ga yaro ƙarami shi ne shaƙewa, musamman idan yana gudu ko dariya ko ya yi barci da shi a baki, don haka ra'ayina shi ne kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, ko da kawunnansa ne suka kawo tsaraba.

Yanzu ga abin da za ki yi. Kada ki ɗura masa manja ko kanwa ko wani jiƙo da sunan wanke ciki, kada kuma ki sa masa yatsa a maƙoshi don ya yi amai. Ki ba shi abincinsa na kullum da ruwa isasshe, da ɗan gwanda ko lemo idan akwai. Idan kuwa kika ga cikinsa ya kumbura, ko yana kukan ciwon ciki mai tsanani, ko yana ta amai, ko ya kwana biyu zuwa uku bai yi bayan gida ba, ko miyau yana zuba ya kasa haɗiye abinci, to ku tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, ki kuma gaya wa likita ainihin abin da ya haɗiye da yawansa.

Ina roƙonki kada ki tsorata shi da labarin shekara bakwai ɗin, domin yaron da aka firgita yakan ɓoye abin da ya haɗiye a gaba, kuma ranar da zai haɗiye ƙusa ko ƙaramin batirin agogo, wanda shi ne mai haɗari na gaske, kina bukatar ya zo ya faɗa miki da bakinsa nan take. Ki nuna masa yadda ake tofar da cingam a takarda a jefa a kwandon shara, yayyensa ma ki nuna musu, tunda daga hannunsu yake samu.

Mahaifinki yana gaishe ku. Ki isar da gaisuwata ga maigidanki da surukarki, ki kuma kira ni jibi in ji yadda yaron ya kwana. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana su.

Wassalam,
Mahaifiyarki.