Dutsen wasu ne a farantan 'ya'yanmu, ina namu na Mambila?

Assalamu alaikum Edita. Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam mini fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun bikin 'yata wata biyu da suka wuce, wani zai ce ai maganar faranti ce kawai, to ni dai ta hana ni sakat.

Ana saura kwana huɗu ɗaurin aure mai ɗakina da ƙannenta suka dawo daga Taminus da kayan jere, aka baje su a tsakar gida ana dubawa ana sa albarka, ni ina gefe kan tabarma. Cikin kayan akwai wani babban farantin tangaran wanda ba na cin abinci ba ne, na ado ne, irin wanda ake jinginawa a cikin kabet. A jikinsa an zana wani dogon dutse, kurmi ya lulluɓe shi kore shar tun daga gindi har wuya, hazo ya naɗe masa kai kamar rawani, ga ruwa yana zubowa ta gefe fari fat. Na ce a miƙo mini. Wallahi Edita ina riƙe shi sai da jikina ya yi sanyi, har ta ce Malam lafiya ka ƙura wa faranti ido haka, na ce Hajiya ai wannan abin na taɓa tsayawa a gabansa da ƙafata. Da na juya bayansa sai ga hatimin ƙasar Sin.

Ni fa ban ga laifin 'yan Sin ba ko kaɗan. Mutanen nan sun fi shekara 1,000 suna gasa tangaran a garinsu na Jingdezhen, kuma zanen dutse da ruwa tsohuwar al'adarsu ce, suna son duwatsunsu shi yasa suke ɗora su a kan kofi da buta da faranti su aika duniya, har ya iso ɗakin amarya a Unguwar Rogo. Abinda ya dame ni shi ne mu ma Allah ya ba mu irin wannan dutse, ya ba mu yumɓu, ya ba mu maginan tukwane da duniya ta sara musu, amma har yau ban taɓa ganin an haɗa ukun nan a abu ɗaya ba.

Na yi koyarwa a Gembu da ke kan tsaunin Mambila ina saurayi, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Taraba a 1991. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba ba zai gane ba, ka baro Jalingo ka bi ta Bali ka wuce Serti cikin zafi kana gumi, kana isa Mayo Selbe sai mota ta fara hawa tana nishi tana kwana-kwana, kunnenka ya toshe, kafin ka kai Maisamari da Nguroje ka lalubo rigar sanyi, mu da muke taƙama da sanyin Jos ma sai mun sallama. A saman nan ciyawa ce shimfiɗe kamar darduma da shanu da gonakin shayi na Kakara, amma a cikin kwaruruka da gefen tsaunuka akwai ragowar kurmi na asali, wanda ya fi suna shi ne Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Sau uku na shiga shi da ɗalibaina. Kana taka ƙafa ciki rana ta ɓace, itatuwa dogaye jikinsu duk gansakuka, igiyoyin daji sun sarƙe ko'ina, ƙasa a jiƙe ko da rani ne, ganye yana ɗigar ruwa alhali ba a yi ruwan sama ba. Na tambayi wani dattijo da ya raka mu, na ce Baba wannan ruwan daga ina, ya nuna mini hazo. Daga baya da na karanta na tarar gaskiyarsa ce, hazon da ke bi ta cikin itatuwa yana taruwa a ganye ya zama ɗigo ya sauka, saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye su riƙe shi kamar soso, sannan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ƙoramu. Akwai birai iri-iri a ciki har da cimfanzi mai kama da mutum, mun ji kukansu da asuba kuma mun ga sheƙar da suke yi a saman itace su kwana.

Can gaba ta wajen iyakar Kamaru kuma ga Chappal Waddi, wasu su ce Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a duk Najeriya. Duwatsun Shere namu na nan Jos da muke ɗaga kai mu kalla mita 1,829 ne, to ka kwatanta. Shi Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda shi ne mafi girma a ƙasar nan, kuma daga waɗannan tsaunuka kogin Taraba da na Donga suke samun ruwa su je su zuba a Binuwai. Kenan masuncin Ibi da manomin shinkafar Makurɗi suna cin albarkacin wannan kurmi ko sun sani ko ba su sani ba. Amma ka tsayar da yara goma a Bauchi Road ka ce su faɗi dutse mafi tsawo a Najeriya, na gwada da jikokina da abokansu, Zuma suka ce, saboda shi suka saba gani a jikin tsohuwar naira 100. Kaga kenan abinda ido yake gani kullum shi zuciya take riƙewa, kuma wannan shi ne dalilin da yasa na ɗauki maganar faranti da muhimmanci.

Kurmin nan kuma raguwa yake yi. Wutar da ake cinnawa da rani don sabuwar ciyawa ta tsiro tana lasar bakinsa kowace shekara, shanu suna tattake ƙananan itatuwa, ana sara ana faɗaɗa gona, a ƙasan dutsen kuma kowa ya ga yadda aka yi wa madobiya, wadda a Taraba ake ce wa madirid, aka yi ta lodinta tirela-tirela zuwa tashar jirgin ruwa. Ban ce makiyayi ko manomi mugu ba ne, kowa abinci yake nema, amma da wuya mutanen birni su tashi su yi magana a kan wurin da ko hotonsa ba su taɓa gani ba.

Sai ɓangaren magina. Ka ciro naira 20 a aljihunka ka juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya. A 1951 wani Bature ɗan Ingila Michael Cardew ya zo ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Abinda ya burge ni da ita bata yar da na gida ba, randarta ta Gwari da hannu take ginawa kamar yadda ta gada, ta zana mata kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi, sai dai a shafa mata ruwan ƙyalli a gasa a wuta mai tsananin zafi ta fito da ƙarfi kamar dutse. Da wannan ta zaga Ingila da Jamus da Amurka, jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Abinda ke kewaye da ita ta zana, dabbobin dajin garinsu, kuma shi duniya ta saya. Mu a nan Jos ma ai ba baƙi ba ne a harkar yumɓu, a wajen haƙar kuza a ƙauyen Nok na maƙwabtanmu kudancin Kaduna aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, gidan tarihinmu da aka buɗe a 1952 yana da rumfa guda cike da tukwane da tuluna daga kowane sashe na ƙasar nan, duk wanda bai taɓa kai iyalinsa ba ya daure ya kai su. Ga Ushafa da Bwari a Abuja har gobe ana aiki, Ushafa ma har shugaban Amurka Bill Clinton ya je a shekarar 2000. Farin yumɓun da ake tangaran da shi akwai shi a nan Filato akwai a Ƙanƙara ta Katsina.

To me ya rage? Kasuwa ma a shirye take. Duk wanda ya aurar da 'ya a ƙasar Hausa ya san jere ba wasa ba ne, iyayenmu da ƙwarya da tasa suka yi, aka zo zamanin kwalla da langa da samira ana jera su har rufin ɗaki, yanzu kuma tangaran ne da gilas a kabet, kowane mako a Jos kaɗai Allah ne ya san amare nawa ake kaiwa. Kuma wani abin da ya kamata maginanmu su lura, da yawa cikinmu muna jin nauyin ajiye hoton dabba ko na mutum a ɗaki saboda addini, amma dutse da itace da gajimare da ruwa babu mai ƙyamarsu, har masallaci ana sa tayil mai zanen ganye. Na san za a ce na waje ya fi araha, gaskiya ne, injin ne yake buga musu dubbai a rana ɗaya, maginin Ushafa ba zai iya gasa da su a farantin cin tuwo ba. Amma farantin ado guda ɗaya tal da za a jingina a tsakiyar kabet, a rubuta Chappal Waddi ko Ngel Nyaki a ƙasansa da boko da ajami, ni na tabbata akwai iyaye irina da za su ƙara kuɗi su saya da farin ciki.

Don haka ina kira ga ɗaliban da ke karanta fasahar tangaran a Zariya da sauran makarantu, ku shirya ku hau Mambila da damina ku zauna ku zana da idonku, kar ku tsaya kwafa daga waya, koren can daban ne kuma hazon yana da yadda yake kwanciya. Masu otal-otal na Abuja da ofisoshin da ke raba kyauta ga baƙi su ma su riƙa yin oda a gida.

Ni dai ina da auta da ta rage a gabana, kuma na riga na faɗa wa mahaifiyarta in Allah ya kai mu lokacinta da kaina zan je Ushafa in ba da aikin farantinta. Ina da hotuna guda tara da na ɗauka a bakin Ngel Nyaki a wancan lokacin, sun ɗan koɗe amma dutsen da kurmin suna fitowa sarai, duk maginin da yake so ya gwada ya nemi Edita, zan kawo su ofishinku a yi masa kwafi kyauta.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Daga wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos.